Dabinon da Ba na Madina Ba

Makera, Kaduna
Watan Sha'aban

Zuwa ga ƙawata Lizzy,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara, da sanyin ƙasar taku.

Jiya da hantsi na gane cewa dabinon da marigayi maigidana, Baban Maryam, ya bari ba na Madina ba ne. Ina zaune a tsakar gida ina zuba shi a robobi, na jawo wani kwali, sai na ga takardar da aka liƙa a gefensa ta ɗago, zafin ɗaki ya saki gam ɗin. Na sa farce na ja, don kawai ta daina lilo. A ƙarƙashinta akwai wata takardar, da rubutun da ba boko ba, ba kuma Larabci ba, haruffa masu kusurwa kamar an jera ƙananan kujeru. Na daɗe ina kallonsu kafin na tuna inda na san su. A jikin farantin mahaifiyarki Mama Martha ne, wanda ta kawo daga ziyarar Urushalima ta rataye a falonku na unguwar Television, take hana jikoki taɓawa. Na ajiye robar da ke hannuna, ban ƙara zuba ko ƙwara ɗaya ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na gwada yi miki saƙon murya, amma da na kai sunansa sai murya ta ƙi fita, ga shi gidan bai rabu da baƙi ba. Shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo miki tare da hoton kwalin.

Kin san sana'arsa. Yana sayo dabino a kwali, ya kai sitonsa na Kudenda, ya goge, ya zuba a ƙananan robobi, ya liƙa sitika mai hoton koriyar ƙubba, sannan ya kawo shago a Kakuri. Haka duk 'yan layinsu suke yi, kuma duk dabinon da ya yi girma ya yi laushi, ɗan Madina ake ce masa. Ni ban taɓa ganin kwalin ba, roba kawai nake gani. Wannan kayan kuwa tun ƙarshen damina suka iso, manya-manya, ƙwara ɗaya ta cika baki, amma bai taɓa kawo su shago ba. Ko gida bai kawo min ba, duk da ya san yadda nake son dabino. Na yi ta yi masa mitar rowa, sai ya yi murmushi ya ce in yi haƙuri.

A asibiti, da jikin ya yi nauyi, ya bar wasiyya a kansu a gaban yayansa, Malam Zakariyya'u: kada a sayar, a kai masallaci a yi masa sadakar buɗa-baki idan azumi ya zo. Yaya ya riga ya faɗa wa liman, an ma yi sanarwa. Da yake ina takaba ba na fita, sai aka kwaso kwalayen aka kawo min gida in yi aikin zubawa. Na ji daɗin haka, Lizzy. Shi ne abu na farko da na samu na yi masa da hannuna tun da aka fita da shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar sadakar uku. An sami wasu robobi a siton da ya riga ya zuba, aka raba wa masu gaisuwa, ni da bakina na riƙa ce wa mata na Madina ne. Wata tsohuwa daga Nasarawa ta roƙi ƙari, ta ƙulle a bakin mayafi, wai za ta kai wa surukarta mai tsohon ciki don albarkar garin Manzo.

Ke kina aiki a babban kanti a Turai, kayan duniya suna bi ta hannunki. Ki duba min hoton nan ki faɗa min gaskiya, daga ina ne. Ina sauraron rediyo, na san akwai abin da ake faɗa a kan kayan can, amma ban san iyakarsa ba. Azumi ya kusa, ina so in san abin da zan miƙa wa Allah da sunan mijina.

Ki gaishe min da yara. Ku huta lafiya.

Taki,
Hadiza

*

Dublin

Dije tawa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na karanta takardarki a tsaye a wajen aiki, sai da na shiga bayi na wanke fuska. Rubutunki har yanzu yana nan kamar kaza ta yi tono, yadda yake tun muna firamare a Kakuri, amma na gane kowace kalma. Allah ya ji ƙan mijinki Isiyaku. Har yau idan na tuna yadda yake kirana Madam Sanyi sai in yi dariya ni kaɗai.

Kin ce in faɗa miki gaskiya, to ga ta. Rubutun Ibrananci ne, kin canka. Amma a ƙasansa akwai sunan gonar da ƙananan haruffan boko, na bincika. Ba a cikin Isra'ila kanta take ba. Tana Kwarin Jodan ne, a Gaɓar Yamma, cikin ƙasar Falasɗinawa da aka mamaye tun yaƙin da aka yi kafin a haife mu. Irin matsugunan nan ne da kike ji a rediyo ana ce musu 'yan kama-wuri-zauna. An zo an zauna a ƙasar mutane, an kafa gonaki, ana ɗiban ruwan wurin ana shayar da itatuwa. Wannan dabinon daga irin waɗannan itatuwan yake.

A nan doka ce, idan kaya daga can suke sai an rubuta a jiki, don mai saye ya san abin da yake saye. Ni da kaina an sha sa ni in sauke kaya daga kanta saboda rubutun bai fito fili ba. Wasu ƙasashen nan ma sun fara hana shigo da su gaba ɗaya, a inda nake kuwa an daɗe ana ja-in-ja a majalisa. To kin san ɗan kasuwa. Idan ƙofa ta yi masa ƙunci a nan, ba zai zubar da kayansa a teku ba. Zai kai wata ƙasar, a liƙa sabuwar takarda, a tura inda ba a tambaya. Ina jin haka naku ya iso.

Ba zan ɓoye miki ba, da Mama tana raye ta ji daga Ƙasa Mai Tsarki ne, da ta sayi kwali guda ta kai coci an yi addu'a a kai. Ni ma haka na taso. Sai da na zo nan na yi aiki da wata mata 'yar can, Kirista ce ma kamata, ta nuna min hoton gonar kakanta ta bayan waya, ta ce ko tsayawa kusa ba a barinsu. Daga ranar na rage surutu a kan abin da ban sani ba.

Amma Dije, shi dabino bai yi laifin komai ba. Idan za ki bi tawa, ki cire sitikar, ki ba mutane su ci, ki huta. Kin rame, Maryam ta turo min hotonki. Kuma ban yarda Isiyaku ya sani ba. Mutumin da ke mayar da canjin da aka manta har gida?

Abu ɗaya zan roƙe ki. Ƙanena Sylvanus ne ejan ɗin da ke fitar masa da kaya a Legas, kin sani, kuma na tabbata wannan ma ta hannunsa ya bi. Na kira shi na wanke shi tas, ya ce zai zo ya same ki idan ya shigo Kaduna. Ki tambaye shi duk abin da kike so. Amma don Allah kada sunansa ya shiga bakin mutane a Makera. Idan aka ce ɗan Television ya kawo wa Musulmi dabinon Yahudawa ana gab da azumi, ke kin san yadda magana take girma a garin nan, kuma kin san rikicin da ya raba gidajenmu tun farko.

Ki ci abinci, ban ce ki ɗanɗana ba, ki ci. Ki gaishe da Maryam da mijinta.

Taki har kullum,
Lizzy

*

Nasarawa, Kaduna

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Malama Hadiza, matar marigayi ƙanena Isiyaku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ƙarin ta'aziyya, ina roƙon Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ki gama takaba lafiya.

Saƙonki ya iso ni ta bakin Maryam, kuma na ga kwalin da kika aiko. Na zaɓi in ba ki amsa a rubuce domin kada magana ta canja a hanya.

Na yi shekaru ina aikin gwamnati kafin in yi ritaya, na kuma san yadda kaya suke shigowa ƙasar nan. Wannan dabino bai biyo daji ba. Ta tashar jiragen ruwa ya shigo, da takardunsa, aka biya haraji, hukuma ta duba ta sake shi. Da haramtacce ne a dokar ƙasa, da can aka tsare shi. Ni ban taɓa jin gwamnatinmu ta ce a bambance kayan wannan gona da na waccan ba. Abin da Turawa suka tsara wa kansu nasu ne. Mu talakawa ba a ɗora mana binciken abin da shugabanni suka bari ya wuce ba, idan da laifi yana wuyansu.

Game da sitika, kowa a kasuwa ya san ɗan Madina suna ne na irin dabino, ba rantsuwa ba ce. Idan kika kai shi tsirara babu sitika, mutane za su tambayi dalili, daga tambaya kuma sai zance. Za a ce Isiyaku ya shekara yana sayar wa Musulmi ƙarya. Ba ya nan balle ya kare kansa.

Ni na goya yaron nan zuwa makarantar allo. Ni na riƙe kansa a asibiti, kina tsaye. Wasiyyar mamaci amana ce, kuma na riga na tsaya a gaban jama'a na faɗe ta. Ba ni da abin da zan ƙara yi masa a duniya sai wannan. Ina roƙonki, ba umarni nake ba ki ba, ki ƙarasa zubawa, ki liƙa sitikar kamar yadda ya saba, ki bar abin da kika gani a tsakaninmu. Zan turo mota ta kwashe kafin a ga wata.

Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa mu cika da imani.

Wassalam.
Yayanku,
Zakariyya'u

*

Makera, Kaduna

Lizzy ƙawata,

Bayan gaisuwa, na gode da amsarki. Na ci abinci, kada ki ƙara sa Maryam leƙen asirina.

Sylvanus ya zo shekaranjiya. Na sa an shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni ina bayan labule. Ya fara da doguwar gaisuwa, na ce masa ya bari, ya faɗa min abin da ya sani. Ya ce takardun da suka zo da kwantenar sun nuna daga wata ƙasar Larabawa aka loda ta, kuma abin da ake dubawa ke nan a tasha: daga ina aka loda, an biya haraji, bai lalace ba. Ya ce a duk shekarunsa na aiki ba a taɓa ce masa ya ɗaga takarda ya ga abin da ke ƙarƙashi ba. Dillalin da ya haɗa su ma ba su taɓa ganinsa ido da ido ba, ta waya aka yi komai, kuma kayan sun yi araha fiye da yadda aka saba. Na tambaye shi ko arahar ba ta ba su tsoro ba. Ya ce ta ba su daɗi ne.

Sai na tambaye shi ko Baban Maryam ya sani.

Ya ce, “Anti, ya sani. Amma sai bayan kaya sun iso.”

Wai yana cikin zubawa a Kudenda ya ga irin abin da na gani. Ya kira Sylvanus, suka bincika tare. Sylvanus ya ba shi shawarar su kai wa 'yan coci a Sabo da Television, ya ce cikin mako guda zai ƙare idan aka faɗi daga inda yake. Baban Maryam ya ce ai ba bakin mai ci ne damuwarsa ba, ƙasar da aka shuka shi ce. Ya nemi dillalin ya karɓi kayansa, lambar ta daina shiga. Sai ya rufe siton ya ce zai yi tunani. Yana cikin tunanin ciwo ya kama shi.

Kin ga dalilin da bai kawo min ko ƙwara ɗaya ba. Ni kuma ina ta ce masa marowaci.

Bayan Sylvanus ya tafi na zauna na dawo da ranar asibiti a kaina, dalla-dalla, abin da na ƙi yi tun rasuwar. Lizzy, bai ce a kai masallaci ba. Abin da ya ce shi ne, “Dabinon nan na sito, kada a sayar.” Ya sake faɗa, yana neman numfashi. Yaya ne ya sunkuya ya ce, to a yi maka sadaka da shi ke nan, a kai masallaci da azumi? Shi kuma ya lumshe ido. Mu duka muka ce Allahu akbar, ya yi wasiyya. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Mu dai a wajenmu idan mai mutuwa ya ce kada a sayar da abu, sadaka yake nufi, ba mu san wata ma'ana ba. Ni kaina har na yi alfahari da shi a gaban mata. Ashe yana ƙoƙarin gaya mana wani abu ne, muka ƙarasa masa zancen da namu.

Yaya ya rubuto min, ya ce tunda gwamnati ta bari ya shigo, ba ruwanmu. Ba na ganin laifinsa, shi ma kuka yake yi a cikin takardar, sai dai nasa kukan da manyan kalmomi. Amma na kasa gane wani abu. Ku can gwamnatinku ta ce a rubuta muku a jiki don ku zaɓa. Mu nan ba wanda ya ce a gaya mana komai. An bar wa mai shago a Kakuri shi kaɗai ya yi hukuncin da ya kamata manya su yi, ya kwana da shi ya tashi da shi har ya kwanta ciwo. Yanzu kuma an bar wa matarsa.

Na aika aka kira min Malama Jamila, wadda ke koyar da mu a Islamiyya. Na rufe ƙofa na gaya mata komai, ban da sunan Sylvanus. Na tambaye ta ko in zubar. Ta ce a'a, abinci ne, zubarwa ɓarna ce, ga masu yunwa a unguwa. Na ce to in yi masa sadakar da shi. Ta ce Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki, kuma abin da ya fito daga ƙasar ƙwace akwai haƙƙin masu ƙasar a kansa, tunda na riga na sani ba zan koma kamar ban sani ba. Ta ce asali a mayar wa masu shi. Na ce Malama, ina zan gan su, ni da ko Abuja ban taɓa zuwa ba? Ta ce malamai sun yi magana a kan irin wannan: idan ba a san mai haƙƙi ba, ko ba za a iya kai masa ba, sai a bayar sadaka a madadinsa. Ladan nasa ne.

Na ce shi Baban Maryam fa?

Ta ce, “Shi an sauke masa nauyi. Amma ladan buɗa-bakin ba nasa ba ne, Hadiza.”

Nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Duk kwanakin nan ina zuba dabino ina lissafa masa masu azumin da za su sha ruwa da shi, ina jin kamar ina aika masa guzuri. Yanzu an ce in ɗauka in ba wasu mutanen da ban san sunansu ba, ban san ko suna raye ba. Malama ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce zaɓi nawa ne, ita ta faɗi abin da ta sani.

Shawararki ta fi sauƙi, ta Yaya ma haka. Na kwana biyu ina jujjuya su. Amma mutumin nan ya rufe sito a kan jarinsa bai sayar ba. Ba zan buɗe in rubuta sunansa a kai ba.

Ki kwantar da hankalinki a kan Sylvanus. Ya yi min alheri da ya faɗi gaskiya, kuma ba wanda ya san abin da ya kawo shi sai gaisuwa.

Ki gaishe da yara.

Taki,
Hadiza

*

Makera, Kaduna

Zuwa ga Yaya Malam Zakariyya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan Yaya yana lafiya da iyali. Na ga takardarka, na gode da kulawa.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na tabbatar ƙanenka ya san asalin dabinon nan, shi ya sa bai sayar ba. Ka tuna ranar asibiti. Kada a sayar kawai ya ce, sauran mu muka faɗa. Ni ma ina wurin, ni ma na amsa, ba kai kaɗai ba.

Motar ta zo, za a ba ta kayan. Na zuba duka a robobi amma ban liƙa sitika ba. Na rubuta wa liman 'yar takarda cewa ba na Madina ba ne, daga gonar da aka kafa a ƙasar Falasɗinawa da aka ƙwace yake, marigayi ya saya bai sani ba, da ya sani ya ƙi sayarwa, kuma sadaka ce a madadin masu ƙasar. Ban ambaci kowa ba bayan wannan.

Ka ce ana iya zaginsa. Ana iyawa. Amma wanda ya ji ya sayo, zai ji kuma ya ƙi sayarwa, ni a ganina wannan ba abin kunya ba ne a gare shi. Idan na ɓata maka, ka yafe min don Allah. Ba ni da wani uba a gidan nan sai kai.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Hadiza

*

Makera, Kaduna
Watan Ramadan

Lizzy,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Mu muna cikin azumi, da sauƙi.

An kai dabinon. Liman ya karanta takardata bayan la'asar, ya ce a yi wa masu ƙasar addu'a, aka yi. Maryam ta ce wasu sun ƙi ci, wasu sun ci sun ƙara, masu turin baro da 'yan acaɓa su suka fi ɗiba. An yi zance a layin shagunan Kakuri, wasu sun ce ya yi wauta, wani kuma ya aiko yana tambaya yadda ake gane kwalin. Yaya bai zo masallacin ranar ba, bai kuma amsa min takarda ba, amma ya aiko da gero.

Na aika wa tsohuwar nan ta Nasarawa cewa abin da na gaya mata ba haka ba ne. Ta ce surukar ta riga ta haihu lafiya, namiji.

Idan kin haɗu da matar nan 'yar can da kika yi aiki da ita, ki gaya mata an sha ruwa da dabinon ƙasarsu a Makera, kuma da sunansu aka bayar.

Ɗakin ya zama fili yanzu, na share. Baban Maryam dai har yau ban yi masa tasa sadakar ba.

Taki,
Hadiza